Toka a Kan Katako

Akwai wata ƙara da ta ɓace a garin nan, kuma ban ga wanda ya yi kewarta ba sai ni. Ƙarar babban akwati ce yana saukowa daga mota a kan katako mai toka. Ya yi gurnani kaɗan ya tsaya, a tura shi, ya ƙara gurnani ya tsaya. Da ita muka tashi a Ƙofar Kuyambana, kamar yadda 'ya'yan maƙera suke tashi da ƙarar guduma. Yanzu idan babbar mota ta kawo kaya mai nauyi, wata na'ura ce mai haƙora biyu take zuwa ta ɗauke shi cak ta dire a ƙasa, mai tuƙa ta ma yana hira a waya. Ba na ƙin wannan sauyi. Wanda ya ga abin da na gani ba zai ƙi shi ba. Sai dai ƙarar nan ta dawo mini a kunne kwanan nan, tun ranar da 'yar da na rena ta zauna a tsakar gida da takarda da biro, ta yi wani lissafi da ya tono abin da na binne tun kafin a haife ta.

Mu 'yan dako ne, haka muka gada. Lungunan birni ba sa cin mota, ko a yau ma da ƙyar, balle a lokacin. Duk abin da aka kawo daga tasha ko daga Kudu a bakin ƙofa ake sauke shi, daga nan kuma sai kai da kafaɗa da amalanke. Kowace ƙofa da mutanenta. Kayan aikinmu ba su da yawa: gammo, ƙugiyar ƙarfe ta jan buhu, igiyar rama mai kauri, sai katako biyu na maɗaci da muke ajiyewa a gindin wani rimi kusa da ganuwa. Aikin ƙarami a cikinmu shi ne ya zaga da safe wurin masu waina da masu ƙosai, ya kwaso tokar jiya, ya tankaɗe ta, ya gauraya da rairayi ya cika kwando. Ni ne ƙaramin, kuma na daɗe a kan wannan aiki, har bayan gemu ya fara fito mini, don ba a samu wanda ya biyo bayana ba. Kafin kowane kaya ya hau katako sai an barbaɗa tokar nan daga sama har ƙasa. Sarkin dakonmu, wani tsoho mai murya kamar ana jan tukunya a ƙasa, yakan ce mana, "Ku daina hura hanci. Ba ƙarfinku ke riƙe kaya ba, toka ce. Ku shaidu ne kawai." Yakan kuma ce katako da wuta da ruwa ba a hana maƙwabci, ko da jiya kun yi dambe.

Wurin tsayuwa uku ne idan za a sauke babban kaya. Masu turi suna saman mota. Mai igiya shi ma yana sama, ya naɗe ta a hannu, amma yawanci a sake take, don kaya a kan katako mai toka ba ya tafiya sai an ce masa tafi. Sai kuma na ƙasa. Shi ne yake shiga tsakanin katakan biyu, ya juya wa akwati baya, ya manna kafaɗunsa a jiki, ya kafa dugadugansa. Shi ke ba da umarni. In ya ce "A ba ni!" a tura, in ya ce "Ya isa!" kowa ya ɗauke hannu. Ba a ba kowa wurin nan sai wanda taron ya yarda shi ne namijinsu. A wurinmu Yaya ne, wana uwa ɗaya uba ɗaya. Gajere ne mai faɗin baya, mai yawan dariya, in yana aiki yana waƙar da bai san ƙarshenta ba. Bai fi shekara da aure ba, matarsa tana da ciki. Auta yake ce mini, kuma kullum maganarsa ɗaya ce a kaina: "Auta, bakinka ya fi ƙafarka sauri. Wata rana sai ya bar ka a baya."

A Ƙofar Gayan kuwa na ƙasansu wani ne da ake ce wa Dogo. Ba mai yawan magana ba ne, amma hannunsa ba ya jiran bakinsa. Yana da ƙane yaron mota, mai zafin kai irina, kullum hannunsa baƙi ƙirin da man inji. Tsakaninmu da su akwai tsohuwar gaba irin ta masu cin abinci a kwano ɗaya. Yaran yanzu faɗansu a waya yake, su zagi juna daga nesa kowa ya kwana lafiya. Mu da ƙugiya a ƙugu muke yawo.

Sai wani Alhaji ya sayo injin niƙa, babba, irin wanda ba a taɓa kawowa yankinmu ba. A bakin ƙofarmu motar za ta tsaya, don ta nan hanyar ta fi faɗi, amma shi Alhajin haihuwar Ƙofar Gayan ne, sai ya ba mutanensu aikin. Ana gobe motar za ta iso, Dogo ya zo da yaransa suna duba inda za ta juya. Na tare shi a gaban jama'a.

"Dogo, yaushe bakin ƙofarmu ya zama gadon gidanku?"

Bai ko tsaya ba. Ya ce, "Auta, koma ka tankaɗe toka. Manya ke aiki."

Aka yi dariya, har da namu. Dariyar nan ce ta ci ni. Na zagi mahaifiyarsa, zagin da har yau ba zan iya rubutawa ba. Ban ga ɗagawar hannunsa ba. Da bayan ƙugiya ya same ni a muƙamuƙi, na ji wani abu ya ce ƙas a cikin kaina, na tsinci kaina a durƙushe ina tofar da haƙora biyu a tafin hannu. Daga nan wuri ya yamutse. Gora da duwatsu da ƙugiya, masu waina suna jan kaskonsu suna salati. Na ga an yaga wa wani kunne, na ga wani namu yana rarrafe jini ya rufe masa fuska. Sai da dattawa suka fito da sandunansu suka shiga tsakani sannan aka lafa.

Mai ɗori ya gyara mini ƙashin, ya ɗaure ni da tsumma daga haɓa zuwa tsakiyar kai, ya ce kada in buɗe baki sai ya kwance. Da yamma Yaya ya zauna kusa da ni yana ɗura mini koko da ƙaramin ludayi ta gurbin haƙoran. Ya ce, "To ga shi an ɗaure bakin, unguwa ta huta. Kai ka fara, Auta. Uwar wani ba abin wasa ba ce. Bar su su sauke kayansu gobe. Katako ma za mu ba su, tunda nasu gajere ne." Na yi gurnani na kawar da kai. Ya dafa ni ya ce, "Katako da wuta da ruwa. Ka manta?"

Ban manta ba. Shi ya sa na san a kan katakonmu za a sauke injin, kuma Dogo ne zai tsaya a ƙasa.

Washegari da aka kira sallar azahar, kowa ya tafi masallaci, rana ta take, bakin ƙofa ba kowa sai awaki. Inna, mahaifiyarmu, tana tsammanin ina kwance a ɗaki. Na fita ta baya da gwangwanin baƙin mai da muke shafa wa ƙafar amalanke. Na tarar an riga an kwantar da katakan a inda motar za ta tsaya. Na bar kamu biyu na sama a bushe, don akwatin ya hau lafiya ba wanda ya yi zargi. Sauran na bi shi da tsumma na shafe, har mai ya shiga idon itacen. Sannan na barbaɗa toka, ta sha mai ta yi duhu, na ƙara, na ƙara, har ta yi fari fat kamar kowace rana. Ba wanda ya kai ni sanin yadda toka take kwanciya a katako. Na koma gida na wanke hannu na kwanta. Na sha gaya wa kaina a shekarun nan cewa kunya kawai na so Dogo ya sha a gaban jama'a. Ba haka ba ne. Na san abin da akwati ke yi wa na ƙasa. Ƙafarsa na so. Ban tsaya na tambayi kaina ko akwati ya san inda ƙafa ta ƙare ba.

Sallar da na tsallake, a bayanta dattawan unguwannin biyu suka zauna a masallaci suka yi sulhu. Ban sani ba. Bayan la'asar na ji kukan mota, na lallaɓa na fito don in ga abin da na shuka. Jama'a sun cika wurin, har mata suna leƙe ta kan katanga. An riga an jingina katakan, an turo akwatin bakin mota, ya fi ni tsayi. Na ɗaga kai na ga Dogo a sama, igiya a naɗe a hannunsa. Na duba tsakanin katakan, na ga Yaya yana tuɓe riga.

Wani tsoho da ke kusa da ni ya ce, "Ai an gyara, ɗana. Tunda su suka zubar da jini, girman ya dawo gidanku. Wanda ya fasa baki ya riƙe igiya, ɗan'uwan wanda aka fasa ya tsaya ƙasa. Haka iyaye suke sulhu."

Yaya ya hango ni, ya yi dariya ya ɗaga murya. "Auta! Matso ka ga yadda ake biyan haƙori!"

Tsakanina da shi bai fi taku ashirin ba. Daga baya duk wanda ya ba da labarin sai ya ce, Allah sarki, ƙanensa yana tsaye baki a ɗaure, ko ihu bai iya yi ba. Gaskiya ne bakina a ɗaure yake. Amma ƙafata ba a ɗaure take ba, hannuna ma haka. Da na ruga na rungume shi, ko na share tokar da tafin hannu na nuna baƙin da ke ƙasa, da an tsaya. Sai dai da kowa ya san wanda ya shafa, a gaban dattawa, a ranar sulhu. Na ce a raina wataƙila tokar ta yi kauri, wataƙila ta riƙe. Iyakar abin da na yi ke nan, na tsaya ina wataƙila.

"A ba ni!"

Akwatin ya hau katako, ya yi gurnaninsa ya tsaya. Yaya ya gyara kafaɗa.

"A ba ni!"

Ya ƙara gurnani. Sai gurnanin ya ɗauke. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Akwatin ya taho sulu kamar kifi a ruwa. Na ga igiyar ta miƙe, na ga Dogo ya jefa jikinsa baya ya tokare ƙafa a ƙarfen mota, igiyar tana gudu ta cikin hannunsa. Akwatin ya buge Yaya ya kifa da fuska, ya bi ta kansa, ya dira inda katako ya haɗu da ƙasa. Ƙarar da ta fito ba ta itace ba ce. Daga ƙirji zuwa ƙasa yana ƙarƙashi, hannunsa ɗaya yana yakushin ƙasa.

Dogo ne ya fara dirowa. Ya sa tafukansa da suka saɓule a gindin akwatin yana ihu a kawo ƙarfe a ɗaga. Yana cikin haka wani ya ce, "Ya saki igiya! Wallahi da gangan ya saki!" Ba a tambayi kowa ba. Yana durƙushe yana ƙoƙarin ɗaga kayan daga kan ɗan'uwana aka sauke masa gora ta farko a gadon baya. Namu suka rufe shi. Na ɗauki wata gora da ta faɗi na shiga, kuma na fi kowa duka. Ni na karya masa hannun dama, na ji ƙashin ya ba da a ƙarƙashin gorar, na ƙara a wurin. Ƙugiyar wani ta tafi da idonsa. Bai rama ba. Abin da yake ta faɗa kawai shi ne, "Ku ɗaga masa! Ku bar ni, ku ɗaga masa!" Lokacin da muka ɓata a kansa, da a kan akwatin muka ɓata shi, ban sani ba ko da wani abu ya canza. Da aka ɗaga, Yaya yana da sauran numfashi. Idonsa a buɗe, da toka a gashin idon. Kafin magariba ya cika.

Ana ta kan Yaya, na ja katakan nan ni kaɗai zuwa bakin rijiya. Na roƙi ruwan zafi wurin mai waina, na sa toka da soso na dirje su har hannuna ya yi jini. Masu wucewa suna cewa, "Allah sarki, ba ya son tsohuwa ta ga jinin ɗanta." Hukuma ta yi 'yan tambayoyinta, aka ce ƙaddara ce da nauyin inji. Amma unguwa ta riga ta yanke nata hukuncin. Dogo bai ƙara ɗaukar kaya ba. In ya biyo ta wajenmu yara su bi shi da jifa suna cewa mai sakin igiya, har ya daina biyowa.

Bayan wata uku matar Yaya ta haifi mace. Aka sa mata sunan Inna, don haka ban taɓa kiran sunanta ba, Uwata nake ce mata. Da mahaifiyarta ta sake aure, a hannuna ta bar ta. Na yi dako har bayana ya lanƙwashe don ta yi karatu, mutane suna ta sa mini albarka, ni kuma ina amsawa. Ta tashi ba ta bin layin su Dogo, kuma in sun haɗu a wurin biki ko makoki takan kawar da kai, don haka mahaifiyarta ta koya mata, ni kuma ban hana ba. Yau malama ce a makarantar 'yan mata, tana koyar da fiziks, furfura ta fara fito mata. Tun da maiɗakina ta rasu kullum sai ta biyo ta duba ni kafin ta wuce gidanta.

Ranar da nake magana, bayan la'asar ne, tana zaune a tabarma tana shirya tambayoyin jarrabawa. Ta ce, "Baba, yaran nan sun gaji da misalin littafi. Kullum wani akwati a kan wani gangare a wata ƙasa. Ba ni naku na gaske. Katakonku tsawonsa nawa?"

Tsufa ba ya kashe alfahari. Ban yi tunanin komai ba na ce, "Kamu takwas cif. Maɗaci ne, ba irin katakon yanzu da ake karyawa da gwiwa ba."

"Bayan mota fa?"

"Daidai ƙirjina. Kusan kamu uku."

Ta mayar da su awon boko, ta zana abu mai kusurwa uku, ta ɗora ɗan akwati a kai, ta yi masa kibiyoyi. Ta nuna mini da bakin biro. Ta ce nauyin kaya a kan gangare kashi biyu yake rabuwa, ɗaya yana jan sa ƙasa, ɗaya yana danne shi a jikin katako. Dannewar nan ce take haifar da riƙo, su gogayya suke ce masa a aji. In gangaren bai miƙe sosai ba, riƙon ya fi jan ƙarfi, kaya ba zai motsa ba.

Na ce, "Wannan ne kuka yi shekaru kuna karantawa? Ai Sarkin dakonmu bai san bihim ba ya gaya mana. Toka ce."

Ta yi dariya. "Ko ba toka, Baba. Busasshen itace a kan busasshen itace, a wannan gangaren naku, sai an tura. Ka ga abin da yake ba yarana mamaki ma, nauyi ba ya cikin maganar. Ga shi a wannan gefe, ga shi a wancan, sai a soke su duka. In kayan ya ƙara nauyi, jan ya ƙaru, riƙon ma ya ƙaru daidai da shi. Ko buhun auduga ne, ko injin niƙa..."

Ta tsaya a nan. Biron yana kan takarda bai motsa ba. Na ji kaji suna tono a bayan ɗaki. Ta juya sabon shafi ta sake lissafin tun daga farko, a hankali, leɓenta yana motsi. Ta sake na uku.

"Baba, da katakon nan aka sauke injin?"

"Da shi."

"Motar ta fi sauran tsayi ne?"

Ga ƙofa ta buɗe mini da kanta. Da na ce eh, ta fi, da ta rufe littafin ta tafi gida da sauƙin zuciya, don duk wanda zai ƙaryata ni yana kabari, sai mutum ɗaya da ba ta gaisarwa. Na ga taku ashirin ɗin nan sun dawo gabana, ga su nan a tsakar gidana. Na ce, "Irin ta kullum ce."

"An yi ruwa ranar?"

"Ba a yi ba."

Ta ce, "To ko ya saki igiya, ko ma babu igiyar sam, akwatin ba zai taho da kansa ba. Sai dai in an shafa wa katakon wani abu." Ta ɗago ta dube ni, har lokacin ba zargi a idonta, neman taimako ne. "Ba wanda ya duba katakon bayan nan?"

"Ni na wanke shi."

Ta san wannan labari. Tun tana ƙarama ake ba ta shi don ta san irin son da nake wa mahaifinta. Na ga lokacin da labarin ya juye a fuskarta. Ban jira ta tambaya ba. Na gaya mata gwangwanin, da tsumman, da kamu biyun da na bari a bushe, da taku ashirin, da gorar. Ban sa wataƙila a ciki ba. Ba ta yi kuka ba. Ta rufe littafin, ta daidaita takardunta, ta ce, "Shekara nawa kana kallona ina tsallake gaisuwar mutumin nan?" Ta ɗauki mayafinta ta fita.

Kwana uku ba ta zo ba, abinci dai yana zuwa. A na huɗu da hantsi ta yi sallama, ta tsaya a bakin zaure ba ta shigo ba. Ta ce, "Malam, sa takalminka." Tun da ta fara magana a duniya ba ta taɓa ce mini Malam ba.

Mun same shi a zauren gidansa a Ƙofar Gayan, a kan buzu, ya rame har dogon nan ya zama kamar kara. Hannun dama a naɗe a cinya, ya bushe. Ya juyo da idon da ya rage. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi, ta faɗi ko 'yar wace ce. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya buɗe tafin hagunsa ya miƙa mata. Tabon igiya yana nan, fari, daga gefe zuwa gefe.

Ya ce, "'Yata, ban saki ba."

Ta ce, "Na sani, Baba."

Shi ta ce wa Baba. Na durƙusa a gefenta na faɗi abin da ya kawo ni, kamar yadda na faɗa mata. Na zaci zai zage ni, ko ya tofa mini yawu, kuma da na fi son haka. Ya juyo da idonsa gare ni.

"Kai ne? Auta?"

"Ni ne."

"Ba kana kwance ba ranar?"

"Na fita da azahar."

Ya fara girgiza kai a hankali. Ya ce, "Da na sa hannu a gindin akwatin na ji warin baƙin mai. Na san an shafa. Ƙanena ne ya jingina katakan. Da aka fito daga sulhu ya ce a gabana wallahi sai na ƙasan nan ya gane kurensa. Ga hannunsa kullum da mai. Wa zan zarga?" Ya shafa busasshen hannunsa. "Shi ya sa na yi shiru kuna duka, shi ya sa na yi shiru gaban hukuma. Na ce gara hannuna da wuyansa. Da na warke na kore shi daga gidan nan. Ya rantse da Alƙur'ani, na ce masa maƙaryaci. Ya tafi Kudu da motoci. Sau biyu yana aiko mini, ban amsa ba. A can ya rasu, ban je ba."

Ban san wannan ba. Na zo da gawa ɗaya da hannu ɗaya da ido ɗaya, ashe akwai wani a ƙarƙashin akwatin da ban taɓa ƙirgawa ba. Na ce, "Ka yafe mini don Allah."

Ya ce, "Hannun na yafe, kai ma na fasa maka baki. Idon ma na bar wa Allah. Amma na yaron nan ba nawa ba ne da zan yafe. Ni ma yanzu ka mayar da ni mai neman gafara, kuma wanda zan nema wurinsa ba ya ji. Tashi ka tafi, Auta. Bar ni da shi."

Muka fito. Ba ta tsayar da abin hawa ba, ta sa kai a ƙafa, na bi ta a baya da sandata ta cikin lungunan da na yi shekaru ina ratsawa da kaya a ka. Ba ta waiwayo ba ko sau ɗaya. An yi ruwa da asuba. Kusa da gida akwai inda ganuwa ta zaizaye ta zama gangare, jar laka ce, in ta jiƙe ko akuya tana shakkarta. A nan kullum take riƙe ni in mun fita tare. Ta sauka ita kaɗai har ƙasa. Na tsaya a sama ina laluben wurin kafa sanda, ban kira ta ba don ban san da wane baki zan kira ba.

Ta tsaya can ƙasa, bayanta gare ni, ta daɗe. Sannan ta juyo ta hawo. Ta kama ni a gwiwar hannu, riƙo mai ƙarfi har da zafi, irin na mai igiya. Ba ta dube ni ba, ba ta kuma ce Baba ba. Sau biyu ƙafata tana zamewa, ba ta saki ba har muka sauka.